Yadda Na Je Accra Aka Ce Ba Ni Ba Ne

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tasha a nan Gaya sai wani ya jawo benci ya ce, "Abba, ba mu labarin Gana." In na fara, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Wasu kuma sun riga sun zuba wa labarin gishiri, har na ji an ce kama ni aka yi a can, wani ma ya rantse Baturiya na je aurowa. To, ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa wannan in ci gaba da shan shayina.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don ko a gidanmu ba kowa ya gane ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Wadda na fi ji da ita ƙarama ce, ita ke tsara wa manoman Gafasa, can Ajingi, layin injin casa. Injin ɗaya ne, na ƙungiya, kuma da kaka kowa so yake a fara da geronsa. A da har cin kwala ake yi. Yanzu mutum zai tura saƙo da ƙaramar wayarsa, manhaja ta ba shi rana. Na rubuta ta da wani yaren kwamfuta mai suna Haskell, yare mai tsantseni, wanda ba ya yarda a taɓa abu a canza shi a inda yake, sai dai a yi sabo. Na'urar da ke karɓar saƙonnin kuwa wani tsohon yare take ji, ana ce masa C, shi kuma ba ruwansa, abin da ya samu yake damƙa. Dole a sami tafinta a tsakaninsu. Kuma dole tafintan ya iya da mutane da yawa suna magana lokaci ɗaya, don in manoma biyu suka turo saƙo tare ya rikice, su biyun za su wayi gari a gindin inji, kowa da shaidarsa a waya.

Ba ni na ƙirƙiri tafintan ba. Laburare ne, wato tarin umarnin kwamfuta da wani ya rubuta ya ajiye a fili, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke ya mayar. Wata dattijuwa 'yar Jamus, Madam Birgit, ita ta fara shi, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa wannan gyaran ya shiga, wancan ya tsaya. Na yi shekaru ina tura mata gyara ba mu taɓa ganin juna ba. Kwatsam ta sanar cewa ta gaji, za ta miƙa ragamar ga wani. Mu biyu muka nuna muna so: ni da wani ɗan Kumasi mai suna Kwabena. Shi kuwa ya faɗa a fili cewa in ya karɓa zai daina wahalar da kansa da tsofaffin kwamfutoci. Kwamfutar Gafasa, wadda ke shagon Malam Sale shugaban ƙungiya da fanka a kanta, ta girmi wasu daga cikin masu tura mata saƙo. In laburaren ya bar ta a baya, zan iya lallaɓa tsohon kwafi na ɗan lokaci, amma wata kakar zai ƙi tashi, a koma cin kwala.

Madam Birgit ta ce ba za ta ba wanda ba ta gani ido da ido ba. Akwai taron masu irin aikinmu a Accra, ta ce mu haɗu a can.

Ranar tafiya Malam Sale ya zo har Gaya a kan babur da ƙunshin kilishi mai nauyi. Ya ce, "Ka kai wa baiwar Allahn nan, ka ce mutanen Gafasa suna gaishe ta. Kuma kada ka dawo mana da labari mara daɗi." Ya faɗa yana dariya, amma idonsa ba ya dariya.

Daga Gaya zuwa Kano ba labari, sai dai mu biyu aka cusa a kujerar gaba, na isa da ƙafar hagu ba ta san inda take ba. A doguwar bas ta Legas ne Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, 'yar kasuwa mai kai atamfa da turaren wuta Accra. Kafin mu wuce Zariya ta san shekaruna, ta san ban yi aure ba, ta kuma yanke hukunci cewa laifina ne. Sannan ta juyo kan aikin.

"Ita Baturiyar nawa take biyanka?"

Na ce ba ta biyana.

"To ita wa yake biyanta?"

Na ce babu.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, ku duka wa ya yi muku asiri?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani da aikin gayya: kowa ya zo da fartanyarsa, a nome gona ɗaya, kowa ya amfana. Ta ce ita duk gayyar da ta sani ana dama fura. 

Daga Legas zuwa Accra iyaka uku ake tsallakewa, kuma a ta farko na zubar da mutuncin sana'ata. Tagogi biyu ne, ɗaya ta masu duba katin rigakafi, ɗaya ta masu buga hatimi a fasfo, kowacce da dogon layi. Ni mai wayo na ce wa Hajiya mu raba aiki mu yi biyun lokaci ɗaya: ta ɗauki fasfo biyu ta bi wancan layi, ni in ɗauki kati biyu in bi wannan. Ta ce ashe karatun nawa yana da amfani. Na isa taga, jami'in ya ce cikin ladabi sai ya ga fasfo tare da kati. Ita ma ta isa tata, aka ce mata sai an ga kati tukuna. Na tsaya gefen taga ina jira ta kawo fasfo, don kada in rasa wurina. Ita ma ta tsaya gefen tata tana jira in kawo kati, don kada ta rasa nata. Muna hango juna ta kan mutane, kowa na yafito kowa. A sana'armu wannan cutar sananniya ce, aiki biyu kowane ya riƙe abin da ɗan uwansa ke buƙata, su tsaya cak har abada. Maganinta shi ne abin da na fi ƙwarewa a kai, shi ne ma gyaran da ya sa Madam Birgit ta san da zamana a duniya. Direba ne ya zo ya raba mu da masifa, fasinjoji suna harararmu. Hajiya ba ta sake ce min komai ba sai a Kwatano, inda ta saya min dafaffiyar masara ta ce in ci in daina ba da shawara.

A Kwatano da Lome na zama kurma. Ni da nake sa kwamfutoci su ji yaren juna, na kasa tambayar inda banɗaki yake. Hajiya kuwa ba ta jin Faransanci ko kaɗan, amma da Hausa da yatsa da tsaki ta sayi duk abin da take so.

Mun sauka a unguwar Nima, a gidan baƙi na wani ɗan uwanta. Na ji Hausa ta ko'ina na ce na zo gida. Sai mai gidan ya leƙa ciki ya ƙwala kira, "Hajiya ya zo! Ya zo da yaronshi!" Na waiga in ga wane namiji ne ya biyo mu. Hausarsu ba ta damu da mace ko namiji ba, kuma su ma tawa dariya take ba su, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ɗakin tsaf yake, sai dai tagarsa na kallon shagon mai gyaran lasifika, mutum mai son tabbatar da aikinsa.

Abinci kuwa, da safe aka kawo min wake da shinkafa mai ja, aka ɗora taliya, aka barbaɗa garin rogo, aka sa ƙwai, aka zuba wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Na ce wannan ai abincin gida uku ne aka haɗa. Na cinye tas. Da rana aka ba ni dokunu, tuwon masara da aka bari ya yi tsami da gangan. A gidanmu in tuwo ya kai haka kaji ake kira. Loma ta farko na tuna gida, ta uku na fara fahimta, kafin in baro garin da ƙafata nake zuwa nemansa.

Taron a wani zaure aka yi shi kusa da teku, kuma al'adunsu sun ɗaure min kai. Ba a gaisuwa. Mutum zai ɗaga maka hannu ya wuce, bai tambayi gajiya ba balle mutanen gida. Babban mutum da furfura ya zo da gajeren wando. In lokacin mai jawabi ya ƙare ana kaɗa masa ƙararrawa ko shi wane ne, kuma ya sauka ba ya fushi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda samari sa'o'in ƙannena ke kiran Madam Birgit da sunanta gatsal, ita kuma ta amsa da fara'a.

Na same ta, 'yar siririya da farin gashi da jakar goyo. Na rusuna na gaishe ta, ta ruɗe ta ɗauka wani abu na yar. Na miƙa mata saƙon Gafasa da hannu biyu. Ta buɗe, ta shinshina, ta yi godiya sosai, sannan ta ce rabonta da nama tun kafin a haife ni. Ƙasa huɗu na ratsa da kilishin nan ina hana kaina. Wani ƙato mai dariya a gefenta ya ce shi ba shi da wannan matsalar, ya yagi rabi. Shi ne Kwabena.

Na zo da shirin ƙin mutumin nan, har na tanadi fuskar da zan yi masa. Ya ɓata min shiri. A kusa da zangon Kumasi ya tashi, yana jin Hausa irin tasu, ya rungume ni yana cewa, "Abba Gaya! Kai ne kana hana ni barci da gyare-gyare!" Na ce masa tsofaffin kwamfutoci fa? Ya ce, "Aboki, su mutu su huta." Yana faɗa yana cin kilishin mutanen da zai kashe wa inji.

Bayan azahar aka zo abin da ya kawo ni. Kowannenmu yana da hatimi na sirri a kwamfutarsa, wanda yake buga wa duk gyaran da ya tura don a san daga gare shi yake. Al'adar ita ce a yi layi biyu ana fuskantar juna, ka miƙa wa na gabanka fasfo, ya dubi hoto, ya dubi fuskarka, ya dubi sunan da ke kan hatiminka. In sun dace ya sa hannu ya shaida cewa kai ne. Dalilinsu mai ƙarfi ne: an taɓa samun wanda ya daɗe yana taimako a wani laburare da sunan ƙarya, sai da aka saki jiki da shi ya cusa mugun abu.

Na miƙa fasfona ga na farko. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Nan an rubuta Sulaiman Isyaku. Hatimin kuma na Abba Gaya ne."

Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Sulaiman sunan kakana ne na wajen uba, shi aka mayar min, don haka ba mai faɗarsa a gidanmu, Abba ake cewa. Gaya kuma a sakandare aka liƙa min saboda Abba sun yi yawa a aji. Na yi wannan bayanin da Turanci, ina ji da kunnena yadda yake kama da ƙarya. Layi ya tsaya. Madam Birgit ta zo ta karɓi fasfon, fara'ar nan ta ragu. Ta ce ko harafi ɗaya bai dace ba.

A nan ne na sake ba da shawara, duk da gargaɗin Hajiya. Na ce bari in kira mahaifiyata ta bidiyo, ai ba wanda ya fi ta sanin ko ni wane ne. Kwabena ya ce shi zai yi tafinta, ya karɓi wayata ya haɗa ta da majigin zauren da lasifika. Ƙanwata Hafsatu ta ɗauka, na ce ta kai wa Inna. Sai da fuskar Inna ta cika bango, tana tsince wake a tsakar gida, sannan na tuna abin da kowane yaro a Gaya ya sani. Ni ɗan fari ne. Inna Bafulatana ce ta gidan kunya. Tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ko na Abban, ba ta taɓa dubana ido cikin ido a gaban mutane ba. Ga shi kuma sunan surukinta nake so ta faɗa a gaban zaure.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya," ta ce wa faifan wake.

"Inna, mutanen nan ne suke so ki faɗa musu sunana na yanka."

Ta ja mayafi. "Hafsatu, wai me ake cewa?"

"Yaya ne yake so ki faɗi sunansa."

"Shi bai san sunan nasa ba ne?"

Madam Birgit ta ce a tambaye ta abu mai sauƙi kawai, ko ni ɗanta ne. Kwabena ya gyara murya. "Mama, sannu. Wannan yaronka ne?"

Inna ta juya wa bangon Accra ƙeya. "Ɗan gidan nan ne dai. Muna ganinsa. Ku tambayi gwaggonsa."

Hafsatu ta ce Gwaggo ta tafi suna Ajingi. Kwabena ya dube ni da tausayi, ya juya ya gaya wa zaure da Turanci cewa matar ta ce takan gan ni a gidan. Wani ya yi tari. Hafsatu ta kife wayar a kan tabarma, bango ya yi baƙi. Na so ƙasa ta tsage.

Kwabena ne ya yi ƙoƙarin ceto ni. Ya ce shi ma a fasfonsa Ebenezer ne, kuma akwai hanya: in ƙara sunan fasfo a kan hatimin a gabansu, tunda mai hatimi kaɗai ke iya yin haka. Na yi. Mutane suka fara sa hannu. Madam Birgit ba ta sa ba. Ta ce wannan ya nuna hatimin yana hannuna yau, bai nuna ni ne na riƙe shi duk shekarun nan ba, don hatimi ana sacewa, ana sayarwa. Ta ce za ta yi tunani. Na san ma'anar wannan tunanin, na kuma fara tsara abin da zan gaya wa Malam Sale.

Sai lasifika ta yi magana. Ashe Hafsatu kife wayar ta yi, ba ta kashe ba.

"Sun tafi?" Muryar Inna ce.

"Sun tafi, Inna."

"Me suke so su hana shi?"

"Aikin nan na injin Gafasa. Wai ba su yarda shi ba ne."

Aka ji ƙarar wake a faifai. Sannan Inna ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Ba shi ba ne? Yaron da ya faɗi a babur, hannunsa na dama a ɗaure da karan ɗori, yana zaune a dakalin nan yana danna abin nan da hagu, abinci na hucewa a gabansa? Ni na haife shi. Sunan baban mai gidan nan gare shi. In sun sake kira ki gaya musu. Amma kada ki ce ni na ce."

A duk zauren mu biyu ne muka gane abin da ta faɗa, ni da Kwabena. Ni ko sunana aka tambaye ni a lokacin ba zan iya faɗa ba, kowanne daga cikin biyun. Madam Birgit ta tambayi me aka ce. Da Kwabena ya ce hirar wake ce, da laburare ya zama nasa, kuma ba wanda zai taɓa sani. Ya dube ni, ya sosa ƙeya, ya fassara duka, har da kada a ce ita ta ce.

Madam Birgit ta dube ni. Sannan ta ce ta tuna wani lokaci da saƙonnin Abba Gaya suka riƙa zuwa a gajarce, ba manyan haruffa, har ta yi masa faɗa, ya ba ta haƙuri ya ce da hannu ɗaya yake rubutu. Ta cire tabarau ta goge, ta jawo kwamfutarta ta sa hannu. Kafin a tashi ta sanar cewa ragama tana hannuna, Kwabena mataimaki, tsofaffin kwamfutoci kuma suna nan. Kwabena ya ce ya yarda, bisa sharaɗin kilishi duk shekara.

Komowa ba abin faɗa, sai dai a kowace iyaka na riƙe fasfona da katina a hannu ɗaya. Malam Sale ya sami labari mai daɗi. Hafsatu kuwa na ja mata kunne, kuma ku ma ina ja muku: har yau Inna ba ta san wayar a kunne take ba, duk wanda ya karanta wannan ya kai mata, ni da shi ne.

Da la'asar na shiga gida da jakata. Tana zaune a inda na gan ta a bango. Na durƙusa na gaishe ta, ina ta ƙoƙarin kada fuskata ta tona ni. Ta dubi turken akuya.

"An dawo?"

"An dawo, Inna."

"Mutanen can sun gane ko wane ne?"

"Sun gane."

"To, madalla," ta ce. "Hafsatu, a ba baƙon nan ruwa."